Jariran Da Akan Haifa Da Buɗaɗɗen Kai Ko Buɗaɗɗen Baya

A wani taron ƙungiyar manoma da muka halarta bayan kaka, an gama maganar taki da bashin iri, har ana shirin tashi, sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce tambayarsa ba ta noma ba ce, amma ta hana shi barci. Matar ɗansa ta haihu a gida. Jaririyar tana da hannuwa da ƙafafu lafiya lau, amma daga gira zuwa sama babu ƙoƙon kai. Ta yi numfashi daga asuba zuwa tsakar rana, sa'an nan ta cika. Tun daga ranar gidansa bai zauna lafiya ba. Waɗansu suna zargin wata tsohuwa a unguwa da maita. Waɗansu sun ce abin daga dangin matar yake, a mai da ita gidan iyayenta. Ya ce, "Malam, ku gaya mini gaskiya. Mene ne wannan? Wa ya jawo shi? Zai sake faruwa?"

Da ya zauna, sai mutum biyu suka ce su ma sun taɓa ganin irin haka a danginsu, amma an binne maganar tare da jaririn. Saboda haka muka ga ya kamata mu amsa a nan, domin kowace ƙungiya ta karanta a taronta, maza da mata tare.

YADDA ABIN YAKE FARAWA

Kowane manomi ya san ɗinkin buhu. In ka bar bakin a buɗe, abin da ke ciki ba zai tsira ba. Haka yake ga ɗan da ke cikin uwarsa.

A mako na uku bayan shigar ciki, wani siririn faifai yakan bayyana a bayan ɗan tayin. Gefunansa biyu sukan tashi, su lanƙwaso, su haɗu, su zama bututu. Haɗuwar takan fara daga wajen wuya, ta yi sama, ta kuma yi ƙasa, kamar mai ɗinki ya fara daga tsakiya yana bin kowane gefe. Bakin sama shi ne zai zama ƙwaƙwalwa. Sauran kuma shi ne zai zama laka, wato jijiyar nan da ke bi ta cikin ƙashin baya. Daga baya ƙashi da fata su rufe su.

Wannan ɗinki yakan ƙare wajen kwana na 28 bayan shigar ciki. A lokacin ɗan tayin bai wuce girman ƙwayar dawa ba. Matar kuwa ba ta fi mako biyu da ɓatan wata ba, sau da yawa ma ba ta tabbata tana da ciki ba. In bututun bai rufe a waɗannan kwanaki ba, ba zai ƙara rufewa ba. Sai mu riƙe wannan da kyau, gama dukan abin da za mu faɗa a gaba a kansa ya rataya.

IRI UKU DA AKA FI GANI

1. Rashin ƙoƙon kai. Likitoci suna kiransa anensefali. Bakin sama ne bai rufe ba, don haka ƙoƙon kai da yawancin ƙwaƙwalwa ba su ginu ba. Idanu sukan fito waje domin babu goshi a bisansu. Da yawa cikin jariran nan sukan mutu tun a ciki. Waɗanda aka haifa da rai sukan yi sa'o'i kaɗan ko kwanaki kaɗan. Babu asibitin da yake da maganinsa, ko a Turai ko a Amurka. An fi ganinsa ga jarirai mata.

2. Buɗaɗɗen baya. Sunansa a asibiti sifaina bifida. Wajen ƙasa ne bai rufe ba. Akan ga ƙullutu mai ruwa, ko jan gyambo, a tsakiyar baya, yawanci kusa da kwankwaso. Jijiyoyin da ke ƙasa da wurin sukan lalace, don haka ƙafafu sukan yi rauni ko su shanye, yaron kuma ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida. Yawancin masu buɗaɗɗen gyambo ruwa yakan taru a kansu, kan ya yi ta girma. Amma waɗannan yara suna iya rayuwa. Da yawa sun yi makaranta, sun koyi sana'a, sun yi aure. Akwai kuma ƙaramin irinsa wanda fata ta rufe, ba a ganin kome sai ɗan rami ko tsiron gashi a ƙasan baya, yawanci ba ya damun mai shi.

3. Ƙullutun kai. A nan ƙoƙon kai ya ginu, amma da rami, yawanci a ƙeya, wani lokaci a tsakanin idanu. Ruwa ko wani sashi na ƙwaƙwalwa yakan turo ta ramin cikin jakar fata. Waɗansu ana yi musu aiki su sami sauƙi.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekara ta 2015 kaɗai, ciki wajen 260,000 ne wannan lahani ya shafa a duniya. Ana samunsa ga baƙi da fari, ga mai kuɗi da talaka, amma ya fi yawa a inda abinci bai wadata ba.

WA YA JAWO SHI?

Ba maye ba ne. Ba iska ba ce. Ba don matar ta fita da tsakar rana ba, ko ta je rafi da almuru, ko ta kalli husufin wata, ko ta ga wata dabba ta tsorata. Ba alamar ta ci amanar mijinta ba ce. Ba kuwa hukunci ne a kan zunubin iyaye ba. Ku tuna, abin ya riga ya faru tun cikin yana wata ɗaya. Duk abin da aka ce ta yi a wata na biyar ko na bakwai, ya zo ne bayan an gama.

Babban dalilin da aka sani shi ne ƙarancin wani sinadarin abinci a jikin uwa a waɗannan makonni na farko. Sunansa folet. In an yi shi ƙwayar magani ana ce da shi folik asid. Jiki yana bukatarsa duk lokacin da yake gina sabon nama da sabon jini da sauri, ba kuwa lokacin da ake gini da sauri kamar watan farko na ciki. Jiki ba ya iya yinsa da kansa, ba ya kuma ajiye shi da yawa. Dole ya shigo ta baki.

Akwai waɗansu abubuwa da suke ƙara hatsarin:

(a) Gado. Yana iya zuwa ta wajen uba, yana iya zuwa ta wajen uwa. Don haka mai korar matarsa saboda wannan bai san ko daga jininsa abin ya fito ba.
(b) Ciwon sukari da ba a kula da shi ba tun kafin ciki.
(c) Ƙiba mai yawa.
(d) Zazzaɓi mai zafi ƙwarai a makonnin farko.
(e) Waɗansu magunguna. Cikin magungunan farfaɗiya akwai masu wannan hatsari, musamman wanda ake kira balfurowet. Septrin ma, wanda mutane suke saya a kemis don kowane ciwo, yana hana folet aiki.
(f) Ciki a kan ciki. Matar da ta sake ɗaukar ciki jim kaɗan bayan haihuwa, jikinta bai mai da abin da ya rasa ba.

Mai farfaɗiya kada ta daina shan maganinta da kanta, gama faɗuwa tana da hatsari gare ta da ɗan cikin. Sai ta je wurin likita tun kafin ta ɗauki ciki, a duba ko za a canja mata.

YADDA AKA GANO RIGAKAFIN

A shekara ta 1931 wata likita Baturiya, Lucy Wills, tana aiki a birnin Bombay na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai. Ta ga mata matalauta masu ciki suna mutuwa da rashin jini. Ta gano cewa wani abu da ke cikin yis yana warkar da su. A 1941 masana a Amurka suka tace wannan abu daga ganyen alayyafon Turawa, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai ma'anar ganye. Ashe abin da muke magana a kai ɗan ganye ne tun asali.

An daɗe ana zaton yana da hannu a maganar jariran nan, amma sai a 1991 aka tabbatar. An yi gwaji a ƙasashe 7, a ƙarƙashin majalisar binciken magani ta Ingila, da mata fiye da 1,800 waɗanda suka taɓa yin ciki mai wannan lahani. Waɗansu aka ba su folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, waɗansu ba a ba su ba. Ga waɗanda suka sha, lahanin ya ragu da kashi 72 cikin 100.

Daga 1993 zuwa 1995 aka yi wani babban aiki a ƙasar Sin, da mata wajen 250,000. A arewacin ƙasar, inda lahanin ya yi yawa, kusan jarirai 5 cikin kowace 1,000 ne suka zo da shi a wurin matan da ba su sha ƙwayar ba. A wurin waɗanda suka sha, 1 ne cikin 1,000. Ƙwaya ɗaya ƙarama a rana, ba allura, ba aiki.

Sai mu faɗi gaskiya: ƙwayar ba ta hana duka. Tana hana rabi zuwa kashi 7 cikin 10. Mace tana iya yin dukan abin da ya kamata, abin ya zo duk da haka. Amma manomin da aka ce masa ga hanyar da zai tsirar da dami 7 cikin 10 daga gara, ba zai tsaya gardama ba.

WA ZA TA SHA, YAUSHE, NAWA?

Ga inda matsalarmu take. A wurinmu mace takan ɓoye ciki saboda kunya, musamman cikin fari. Ba ta zuwa awo sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar. A wurin awo akan ba ta maganin ƙarin jini da folik asid, wannan kuwa yana da amfani ƙwarai don jininta. Amma don rufe kai da bayan jariri, an makara da wata uku. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.

Ga ƙa'idar:

Kowace macen da za ta iya ɗaukar ciki ta sha folik asid maikirogiram 400, wato miligiram 0.4, kowace rana. Ta fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku ya fi. Ta ci gaba har ciki ya cika mako 12, sa'an nan ta bi abin da aka ba ta a wurin awo. Da yake yawancinmu ba ma sa ranar ɗaukar ciki, hanya mafi sauƙi ita ce amarya ta fara tun ana shirin biki, mai goyo kuma ta fara tun kafin yaye.

Matar da ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lahani tana bukatar babban awo, miligiram 4 ko 5 a rana, daga wata uku kafin ciki har mako 12. Haka nan likita yakan rubuta babban awo ga mai ciwon sukari, da mai shan maganin farfaɗiya, da mai sikila.

A kemis an fi samun ƙaramar ƙwaya rawaya mai miligiram 5. Kada a dogara ga launi, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, ko a tambayi malamin asibiti. Ga dalilin: daga wata na huɗu akan ba masu ciki Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, babban awon folik asid kuwa yana rage masa ƙarfi. Ƙaramin awo ba ya hana shi aiki. Mai shan babban awo ta faɗa a wurin awo. Fansidar kuma ba a shansa a wata uku na farko. A waɗannan watanni gidan sauro shi ne garkuwa, in kuwa zazzaɓi ya zo a tafi asibiti a ranar, kada a sayi magani a tebur.

Folik asid ba maganin hana haihuwa ba ne, ba ya kuma sa jariri ya yi girman da zai wahalar da uwa wajen haihuwa. Muna roƙon maza su ji wannan, gama a gidaje da yawa sai maigida ya yarda kafin ƙwaya ta shiga ɗaki.

ME YA SA MAGANAR TA FI SHAFAR MANOMA?

Ƙasashe da yawa sun ga cewa mata ba sa fara shan ƙwayar da wuri, sai suka kafa doka a riƙa zuba folik asid cikin gari tun daga masana'anta. Amurka da Kanada sun fara a 1998. Afirka ta Kudu ta fara a 2003 da garin masara da na alkama, lahanin kuwa ya ragu da wajen kashi 30 cikin 100. A 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga dukan ƙasashe su ƙarfafa wannan hanya. Najeriya ma tana da dokar ƙara sinadarai cikin fulawa da garin masara na kamfani.

Amma mu duba tukunyarmu. Tuwonmu daga rumbu yake fitowa, ya bi ta turmi ko injin niƙa na ƙauye. Babu mai zuba masa kome a hanya. Mutumin birni mai cin burodi kullum yana samun rabonsa bai ma sani ba. Matar manomi kuwa, wadda ta yi shuka ta yi girbi, wannan doka ba ta isa kwanonta. Don haka dole mu nemi namu ta hanya biyu: ƙwaya, da abin da muke nomawa.

Hatsi, da rogo, da doya, da farar shinkafa ba su da folet da yawa. Ga inda yake:

Wake. Shi ne sarki. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ɗauke da fiye da maikirogiram 300. Gyaɗa, da waken suya, da gujiya ma suna da shi.
Ɗanyen ganye: alayyafo, zogale, rama, lalo, yakuwa, ganyen wake, ganyen kabewa, da kuɓewa ɗanya.
Ƙwai, lemo, gwanda, da mangwaro.

Abin baƙin ciki, wake da gyaɗa su ne muke fara kaiwa kasuwa da kaka, domin su ne masu kuɗi. Zuwa bazara gida ya koma tuwo da miyar busasshiyar kuka safe da dare. Matar da ta ɗauki ciki a wannan lokaci, da me jikinta zai yi gini? Kafin a auna na sayarwa, a fara ware buhun gida.

Folet kuma ba ya jure wahala. Doguwar dahuwa tana kashe shi, yakan tsere cikin ruwan da aka tafasa ganye aka zubar, hasken rana ma yana lalata shi. Tafasa kaɗai tana iya cinye rabinsa. Saboda haka:

1. A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.
2. A zuba ganye a ƙarshen dahuwa, a sauke yana kore.
3. A dafa da ruwa kaɗan, ruwan kuma ya shiga miya.
4. In za a shanya ganye, a shanya a inuwa mai iska.
5. A yi ɗan lambu a bayan gida ko a fadama domin rani. Zogale kaɗan a jikin danga suna ba da ganye kusan dukan shekara.

Amma kada wani ya ce tun da muna cin wake ba ma bukatar ƙwaya. Folet na abinci ba ya shiga jiki kamar na ƙwaya, da wuya kuma abinci kaɗai ya kai awon da ake bukata don wannan rigakafi. Abinci da ƙwaya tare suke tafiya, kamar takin gida da na zamani.

MASARA MAI FUMFUNA

Akwai wata magana da ta shafi rumbunmu kai tsaye. A watan Afrilu na 1991, a garin Brownsville da ke jihar Texas ta Amurka, a bakin iyakar Meziko, an haifi jarirai uku marasa ƙoƙon kai a asibiti ɗaya cikin sa'o'i 36. Mutanen wurin masara ce abincinsu na kullum. Da aka bincika sai aka lura cewa masarar da aka girbe a 1989 ta kamu da wata fumfuna ƙwarai, har dawakai da aladu da suka ci ta sun yi ta mutuwa. Wannan fumfuna tana fid da dafi mai suna fumonisin. Gwaji a kan dabbobi ya nuna dafin yana hana folet shiga inda ake bukatarsa, yana kuma kawo irin wannan lahani. Binciken da aka yi a kan matan yankin ya nuna alaƙa tsakanin dafin da lahanin. Masana suna ɗaukarsa abin zargi mai ƙarfi.

Wannan fumfuna tana kama masara a Afirka ma. Takan shiga tun a gona, ta inda tsutsa ta huda, ta bar fari-fari ko ja-ja a kan ƙwayar. Dahuwar tuwo ba ta kashe dafin. Ga abin yi: a girbe masara da zarar ta nuna, kada a bar ta ruwa yana dukanta. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa ba, har ta bushe ƙayau. A tsince ruɓaɓɓu da masu huda kafin a zuba a rumbu, a sake tsincewa kafin niƙa. A surfa, a wanke, a zubar da waɗanda suka taso a kan ruwa. Wata al'ada kuma sai mu bar ta: kai mai kyau kasuwa, a bar wa gida mai lalacewa.

IN CIKI YA RIGA YA SHIGA

A je awo da wuri, a kuma yi hoton ciki. Na'urar tana iya nuna rashin ƙoƙon kai tun ciki yana wata uku, buɗaɗɗen baya kuma wajen wata biyar. Alama ɗaya da ungozoma za ta lura da ita ita ce ciki ya yi girma fiye da watanninsa saboda yawan ruwa. Irin wannan mace ta haihu a asibiti, gama tana iya zubar da jini da yawa bayan haihuwa.

IN AN HAIFI JARIRI MAI BUƊAƊƊEN BAYA

1. Kada a matse ƙullutun, kada a tsaga, kada a sa toka, ko man shanu, ko garin magani.
2. A tafasa ruwa da ɗan gishiri, a bar shi ya huce, a jiƙa tsabtataccen ƙyalle a rufe wurin. Kada kashi ya taɓa shi.
3. A kwantar da jaririn rubda ciki ko a gefe, a rufe shi kada ya yi sanyi, a ba shi mama.
4. A tafi asibiti a ranar. Aikin rufe baya ya fi kyau cikin kwana biyu ko uku na farko, kafin ƙwayoyin cuta su shiga su hau ƙwaƙwalwa. Kada a jira suna. Asibitocin koyarwa na Jos, Zariya, Kano da Sakkwato, da babban asibitin ƙasa na Abuja, suna da likitocin ƙwaƙwalwa da laka. Asibiti mafi kusa zai ba da takardar turawa.
5. A riƙa duba kan yaron. In yana girma da sauri, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa, ko yana yawan amai, ruwa ne yake taruwa. Akan sa siririyar roba ta janye ruwan zuwa ciki. Akwai kuma wata hanyar aiki ba tare da roba ba, wadda likita Benjamin Warf ya inganta a garin Mbale na Uganda.

Bayan aiki, akwai abu biyu da sukan kashe yaran nan: ciwon ƙoda da gyambo. A asibiti akan koya wa uwa fid da fitsari da tsabtatacciyar roba sau da yawa a rana, wannan yana tsare ƙoda. Da yake kuma ƙafafun ba sa jin zafi, a duba su kowace yamma, a nisanta yaron daga murhu da ƙasa mai zafi. In ya isa makaranta a sa shi. Ƙafa ce ta shanye, ba rabonsa ba.

IN AN HAIFI JARIRI MARAR ƘOƘON KAI

Ba za a iya ceton ransa ba, kada iyali su sayar da gona ko shanun noma suna yawon neman magani. Amma ɗan mutum ne, ba dodo ba. A goge shi, a sa masa hula, a naɗe shi da zane mai ɗumi. In uwa tana so ta gan shi ko ta riƙe shi, kada a hana ta. In ba ta so, kada a tilasta mata. In iyaye suna so su raɗa masa suna, a kira fasto ya yi addu'a, a yi haka. A binne shi da mutunci kamar kowane ɗa.

Sa'an nan a kula da uwar. Ta ɗauki ciki wata tara, nono zai kawo, hannunta kuwa babu kome. Tana bukatar abinci, da hutu, da 'yan'uwa mata da za su zauna tare da ita ba tare da tambayoyi ba. Dattawan ikilisiya kuma su tsaya da ƙarfi su kashe maganar maita tun ba ta yi reshe ba, gama irin wannan zargi ya raba gidaje, ya kuma jawo wa tsofaffi marasa laifi duka da kora.

Zai sake faruwa? Hatsarin ya fi na sauran mata. In ba a yi kome ba, wajen 3 ko 4 cikin 100 na irin matan nan abin yakan maimaitu gare su. Wato fiye da 95 cikin 100 sukan haifi lafiyayye a ciki na gaba. Da babban awon folik asid tun kafin ciki, hatsarin yakan sauko zuwa wajen 1 cikin 100. Amsar da muka ba dattijon nan ke nan. Muka roƙe shi ya bar surukarsa a ɗakinta, a ba jikinta lokaci ya huta, ɗansa kuma ya raka ta asibiti tun kafin wani ciki.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

1. A gayyaci malamin asibiti ko ungozoma zuwa taro, a karanta wannan tare da zumuntar mata.
2. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki a sari, a sayi folik asid daga amintaccen wuri mai lambar hukumar NAFDAC, a ajiye a wurin ma'aikaciyar lafiya.
3. Masu yi wa samari da 'yan mata gargaɗin aure su sa wannan magana a ciki.
4. Kowane memba ya ware waken gida kafin na kasuwa.
5. A sayi tamfol na ƙungiya don shanyar masara.
6. A ware wani abu a asusu don kuɗin mota, domin jaririn da ke bukatar aiki ya isa asibiti cikin kwana biyu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A ƙauyenmu, a wata na nawa mata suke fara zuwa awo? Me yake hana su zuwa da wuri?
2. A waɗanne watanni ne wake da ɗanyen ganye suke yankewa a gidajenmu?
3. Me muke yi da masarar da muka tsince mai fumfuna?
4. In aka haifi irin jaririn nan a gidan ɗayanmu gobe, wa zai fara zuwa, me kuma zai faɗa?

Ku aiko mana da abin da ƙungiyarku ta shirya yi, domin waɗansu su koya daga gare ku.